Gadon da Bai Huce Ba

La'asar sakaliya muka iso,
ni da Manu mai Keke, da yayana Giɗaɗo
kwance a cinyata, ƙurar siminti
ba ta ko bar gashin girarsa ba.
Daga hawa na biyu ya faɗo, can Tumfure,
katako ya ci amanar ƙafa.

Aka ce kati. Na yanki kati.
Aka ce safar hannu, sirinji, ledar ruwa biyu,
na tsallaka titi na jinginar da wayata, na kawo.
Aka ce madalla, sai dai babu gado.

Muka shimfiɗa shi a baranda.

Benci ɗaya ne, ƙafa uku da bulo,
mu tara a kai, kowa na rungume da tasa.
Wata dattijuwa daga Kumo tana fifita jikanta da kwali,
tana kirga numfashinsa da leɓe.
Wani saurayi mai hular ulu ya raba dabinonsa biyu,
ya miƙo mini rabi, ya ce mahaifinsa na ciki,
kwana huɗu ke nan.

Giɗaɗo ya buɗe ido, ya dubi bango.
"Ka ga wannan? Ni na yi masa filasta.
Shafa ka ji, ko tsaga babu."
Ya so ya yi dariya, haƙarƙari ya hana.

Magariba ta yi, wuta ta ɗauke.
Janareta ya yi tari biyu, shi ma ya kwanta jinya.
Sista Rifkatu ta ciji wayarta da haƙori,
hasken na rawa, tana laluben jijiya
a hannun da ya saba da cebur.

A nan ne haƙurina ya tsinke.
Na ce, baiwar Allah, mutum ne fa,
ba buhun masara aka sauke muku ba!
Ta cire wayar daga baki, ba ta ɗaga murya ba:
"Likita ɗaya ne, yana tiyata tun azahar.
Mu biyu ne a kan mutum arba'in.
Ɗan'uwa, riƙe mini ledar nan sama."
Na ga takalminta ya tsage ta gefe,
na ga shayinta a taga, ƙuda ya mutu a ciki.

Sai na zama sandar rataye ruwa.
Dama ta gaji, na ba hagu.
Ɗigo, ɗigo, ɗigo,
carbin da na ja ke nan a daren.
Hajjo ta kira lambar Manu sau bakwai,
sau bakwai na ce mata likita na tafe.

Dare a asibiti ba ya tafiya, jan ciki yake yi.
Sauro ne kaɗai ke zagayen duba marasa lafiya
a kan lokaci.

Gab da kiran assalatu kuka ya tashi a ciki.
Aka turo wani, an lulluɓe shi da zanen gida,
tayar keken na ƙara kamar tana ba da haƙuri.
Sai murya: "Ina masu Giɗaɗo? An samu gado!"

Alhamdulillahi ta kuɓuce mini da ƙarfi
kafin in ga wanda ke bin keken a baya,
hular ulu a hannu, ba takalmi.

Muka ɗora yayana.
Na dafa katifar, da sauran ɗumi.

Ya rayu. Yana ɗingishi, ya koma kan katako.
Ni kuwa har yau ƙwallon dabinon nan
yana aljihun rigata,
na kasa jefarwa,
na kasa shukawa.